Sati na Tara, Kiɗa na Biyu

Ina da shekara arba'in da huɗu na shiga jami'a, ni da karatuna ya tsaya a aji uku na kwaleji a Damagaram. Ba digiri na je nema ba. Na je ne a koya mini yadda ake jin kiɗa, abin da na ɗauka na iya tun ina goye a bayan uwata.

Mai ɗakina ce dalili, Allah ya jiƙanta. Ita ce mai boko a gidanmu. Karatun haɗa sinadarai ya kawo ta Lyon a Faransa, ni kuma na biyo ta, na samu aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, ina tuƙa 'yar motar da ke ɗaga duro. Ita ta san abin da ke cikin duron, ni na san nauyinsa. A shekararta ta ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi darasi ɗaya da ba na fanninsa ba. Ta zaɓi na sauraron kiɗan Turawa, saboda an ce mata babu lissafi a ciki. Kowace Alhamis bayan azahar take zuwa, ta dawo ta tsaya a madafa tana ba ni labari, ni kuma ina yanka albasa ina cewa to. Ta yi sati goma. Kafin na goma sha ɗaya ciwo ya kwantar da ita, kafin sanyin shekarar ya fita mun kai ta makwancinta. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan.

Bayan wata biyar na iya taɓa kayanta. A ɗakinmu na hawa na sha ɗaya a Les Minguettes, cikin jakar makarantarta, na tarar da kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango wanda take rubutun darasin kiɗa a ciki. Duka da Faransanci ta rubuta, sati bayan sati, abin da ta ji da abin da ya tuna mata. Babu sunan kiɗa ko ɗaya, sai lamba. A shafin sati na tara, ƙarƙashin kiɗa na biyu, ba ta rubuta Faransanci ba. Layi ɗaya ne, da Hausa: "Wannan taken maigidan ne. Shi ne sak." Ta ja layi biyu a ƙarƙashin sak.

Ni ba ɗan sarauta ba, ba ɗan dambe ba, ba wanda ya taɓa ɗaga kalangu saboda ni. Sai ga shi an yi mini take a ƙasar Turawa, wadda ta san shi kuma ta tafi da sunansa. Na kwana biyu ina juya kayen, sannan na je jami'a na tambaya. Matar da ke ofishin rajista ta ce ana barin mutanen gari su zauna a wannan darasi ba tare da jarrabawa ba. Na tambaye ta ko abin da aka yi bara shi za a yi bana. Ta yi dariya ta ce tun tana budurwa malamin nan bai canza ko waƙafi ba.

Na fara zuwa wurinsa kai tsaye, ko zai rage mini wahala. Dogon dattijo ne siriri, gashinsa fari ya tashi kamar audugar da aka saɓa, da gyale a wuya ko da rana tana dukan taga. Na roƙe shi sunan kiɗa na biyu na sati na tara. Ya yi murna ƙwarai da ya samu wanda zai hana. Ya ce a ajinsa kunne ne ke fara shiga, suna ya biyo baya, kuma takardar sunaye sai ranar ƙarshe, ga waɗanda suka jure. Ya tambaye ni me ya sa sai wannan. Na ce ba komai. Ban iya buɗe baki in gaya wa namiji baƙo abin da matata ta rubuta a kaina ba.

Akwai wani Alhaji mutumin Tawa mai kantin kayan abinci a La Guillotière, wanda shi ne ubanmu a garin nan. Shi ya tsaya a kan komai ranar jana'iza. Bai kamata ya ji labarin a bakin wani ba, sai na je da kaina. Bayan mun gaisa ya ajiye ludayin awo ya dube ni.

"Kai da nake jira ka zo mu sauke Alƙur'ani, ka tafi sauke goge?"

"Sauraro ne kawai, Alhaji."

"Ana rawa?"

"Ba a yi."

"Mata suna guɗa?"

"Ko tari sai an ba da dama."

"To me ake yi?"

"Ana zama, a sunkuyar da kai, a yi shiru."

Ya ɗauki ludayinsa. "Wannan ai zaman makoki ne, ɗana. Je ka. Wa ya sani ko da lada."

Ajin babban zaure ne mai kujeru hawa-hawa. A gaba tsofaffin Faransawa ne da suka yi ritaya, kowa da biro a hannu yana jiran a faɗi abin da zai yarda da shi. A baya yara ne 'yan makaranta da suka zo don an ce babu lissafi. Malamin yana umartar kowa ya rufe ido idan an kunna kiɗa, kuma babu umarnin da na taɓa ganin an bi da zuciya ɗaya kamar wannan. Wani yaro mai doguwar suma ya kan rufe ido tun kafin a kunna, ba ya buɗewa sai an tashi, har malamin ya nuna mana shi wata rana ya ce mu dubi yadda ake nutsewa cikin kiɗa. Shi kansa malamin ya kan tsaya gaban akwatin magana ido rufe, yana kaɗa masa hannu, yana nuna masa inda zai ɗaga murya da inda zai sassauta. Akwatin bai taɓa saɓa masa ba.

Ranar farko da aka gama kiɗan farko aka ce ko da mai tambaya. Na ɗaga hannu na ce, "Wa ake yi wa wannan?" A wurinmu ai kowane kiɗa da mai shi. Na manoma daban, na mahauta daban, na maƙera daban. Malamin ya yi mini murmushin tausayi ya ce ba a yi wa kowa ba, an yi wa bil'adama ne gaba ɗaya. Can wajen ƙarshen darasi, yana ba da tarihi, ya ce wanda ya tsara shi ya yi shi ne don a riƙa kaɗa wa wani basarake lokacin cin abinci, kuma ya aika da shi tare da wasiƙa mai cike da Allah ya ja zamaninka. Hankalina ya ɗan kwanta. Ashe maroƙi ne, sai dai mai hular gashi.

Da na koma gida na buɗe kaye. A sati na ɗaya ta rubuta cewa kiɗan kamar ruwan farkon damina ne a kan kwano. Haka kuwa na ji. A na biyu ta ce kamar mata biyu suna gaisawa ta kan katanga, babu mai son ta fara sallama. Shi ma haka. Matar ofis ta yi gaskiya. Abin da ya rage shi ne in kai sati na tara ina cikin ajin, kuma a nan matsalata take.

Ban iya jin magana in yi shiru ba. A gidanmu idan babba yana magana ka yi gum, ko dai fushi kake ko ba a ba ka tarbiyya ba, kuma uwata tana da ranƙwashi na musamman don wannan. Mahaifina har rediyo yake amsa wa. Mai labarai ya ce an yi kaza, ya ce ikon Allah. Ya ce za a yi kaza, ya ce to madalla. Ni ma haka na tashi. To kiɗan nan nasu magana ne zalla. Sarewa ta faɗi wani abu, ta ɗan tsaya, tana jiran a ce mata na'am. A sati na biyu na ce mata. Ban san na faɗa ba sai da na ji kiɗa ya yanke.

Malamin bai yi faɗa ba. Ya ce an fasa ƙwai, sai a sake daga farko. Muka sake minti goma sha biyar. Tsofaffin gaba suka juyo suka dube ni ɗaya bayan ɗaya, kamar masu layin gaisuwa. A sati na uku wani babban goge ya yi ta kai kuka, ya sauka ƙasa a hankali, na ji bakina ya ce, "Allah sarki." Aka sake yankewa. Cikin shirun sai na ji murya a gefena, da Hausa.

"Bawan Allah, in za ka yi ta'aziyya ka bari a tashi mana."

Wata mata ce 'yar Jos, ta girme ni kaɗan, nas ce a wani asibiti a garin. Kowa Sista yake ce mata. Ita ce ke jan waƙa a cocinsu, ta zo ne ta ga ko akwai abin da Turawa suka sani wanda ba su gaya wa kowa ba. Daga ranar ta ɗauki bakina a matsayin majinyacinta.

"Ɗan Nijar, ni ma fa tafasa nake a ciki," in ji ta muna jiran tiram, jirgin cikin gari. "A cocinmu wanda bai amsa ba, shi ake zagayewa a tambaya ko lafiya. Amma nan lakca ce. Ka cika bakin da wani abu."

Na sayi goro a wurin Alhaji. Ban taɓa sanin goro yana da ƙara haka ba sai da na gatsa shi ana kiɗan piyano a hankali. Malamin ya buɗe ido ɗaya ya ce ko akwai ɓera a zauren. Na koma dabino. Dabino ba ya ƙara, amma kiɗan Turawa ya fi dabino tsawo, ka shanye bakwai ba su gama gaisuwa ba. Daga ƙarshe Sista ta zo mini da farin hankici ta ce in cije. Da shi na tsallake sati na biyar da na shida, ina zaune kamar mai ciwon haƙori.

Duk wannan lokaci ina ta hasashen takena. Zan faɗi gaskiya, tunda na fara. Duk ranar da aka kunna mai kakaki da manyan ganguna, wanda kujera ke rawa a ƙarƙashin mutum, sai in gyara zama in ce ƙila irin wannan ne. Na tuna ranar da na ɗauko firiji a baya har hawa na sha ɗaya da injin hawa ya lalace. Mace ba ta manta irin wannan.

Sati na bakwai ba a aji ake yinsa ba. Malamin ya kan kwashi ɗalibai zuwa Paris ranar Lahadi, su ga makaɗa ido da ido. A jirgin ƙasa ya bi mu kujera-kujera yana karanta dokoki. Ba a yin tafi sai mai sanda, wato jagoran makaɗan, ya sauke hannu ya juyo. Kiɗan kashi huɗu ne, kuma tsakanin kashi da kashi akan ɗan tsaya, amma wannan tsayawa ba ta tafi ba ce. Ya kuma ce zauren da za mu shiga an gina shi da irin gwanintar da ko allura ta faɗi a sama, na ƙasa zai ji. Da ya zo nan ya dube ni.

Na laluba aljihu. Hankicin yana Lyon, a kan igiyar shanya.

"Kada ka damu," in ji Sista. "Ka tara amsoshin naka duka. In an tsaya, ka fitar da su da tari."

Zauren ya cika da mutane cikin baƙaƙen kaya, ba mai gaisawa da na kusa da shi. Makaɗan sun fi mutanen layinmu na Damagaram yawa. Can baya akwai wani ƙato zaune gaban manyan ganguna, hannu a harɗe. Rabin awa bai taɓa komai ba, sannan ya miƙe, ya buga sau biyu, ya koma ya zauna. Na ce a raina wannan bawan Allah ya dace da aiki. Da aka gama kashin farko mai sanda ya tsaya, sai zauren ya ɓarke da tari, kamar an buɗe ɗakin masu ciwon ƙirji. Masu kwat, masu sarƙar zinariya, kowa yana zuba nasa. A nan na gane su ma amsawa suke yi. Abin yana cin su kamar yadda yake cin mu, sai dai su an hana su kalmomi. Na yi tari uku masu kyau, ɗaya na'am, ɗaya haka ne, ɗaya madalla. Sista ta ɗaga mini babban yatsa.

A kashi na uku abin ya faru. Duk makaɗan suka yi ƙasa, aka bar wata 'yar algaita ita kaɗai. Ta yi kira, ta jira. Ta sake kira, ta ɗan ɗaga murya, ta jira. A na uku ta yi kira ta yanke, mai sanda ya tsaya da hannu a sama, aka yi tsit. Mutum ɗari suna zaune da kayan kiɗa a hannu, babu wanda ya amsa mata. Na san wannan shirun. Ina da irinsa a gida, idan na buɗe ƙofa na yi sallama.

"Allah sarki," na ce.

A hankali na faɗa. Amma malamin bai yi ƙarya a kan ginin ba. Kalmar ta tashi ta zagaya zauren ta dawo mini. Na ga wuyan mai sanda ya motsa. Wata tsohuwa da ke gabana ta juyo ta dube ni kamar na sa hannu a akushinta.

A jirgin komawa malamin ya zo ya tsaya a kaina, gyalensa yana rawa. Ya ce shekara da shekaru yana kawo ɗalibai, an taɓa yi masa tafi a inda ba a tafi, an taɓa yi masa minshari, amma ba a taɓa yi wa makaɗa jaje ba. Sista ta ce masa ai yabo ne, a wurinmu haka ake nuna an ji. Ya ce shi kiɗa ba ya buƙatar a nuna masa an ji. Sannan ya ce da ni, kalma ɗaya kuma, ko rabinta, in bar masa ajinsa, kuma zai sa a cire sunana a ofis.

Saura sati biyu.

Washegari da na tashi aiki na wuce La Guillotière. Labari ya riga ni, domin Sista a kantin take sayen manja. Alhaji yana ganina ya fara.

"Ga mai jajen Paris! An ce har mai sanda ya karɓi gaisuwa. Kai wai me ya kai ka? In kiɗa kake so ga shi nan a salula, wanda ake amsawa, har a taka."

Na jira mai sayen kuɓewa ta fita. Na ciro kayen na buɗe masa shafin. Ya sa tabarau, ya karanta layin. Ya rufe kayen da hannu biyu ya miƙo mini.

"Yaushe ne na taran?"

"Alhamis ta sama."

"To saurara. Bakinka ba zai daina motsi ba, haka aka halicce ku mutanen Damagaram. Ka ba shi wani aiki. Duk lokacin da na'am ta taso, ka mayar da ita istigfari a zuci, ka ƙirga a gaɓar yatsa. Kada ka ɗauki carbi, yana ƙara. In ma akwai laifi a zaman, ka ga kana gogewa tun a wurin."

Da wannan na shiga sati na takwas, da hankicin Sista a baki don ƙarin tsaro. An kunna wata mata mai waƙa da murya kamar an taka mata ƙafa, ta yi minti ashirin tana mutuwa ba ta mutu ba. Na zagaye yatsuna har ban san adadi ba. Ban yi ko uhum ba. Malamin ya riƙa buɗe ido yana dubana, kamar wanda aka yi wa alkawarin baƙo bai zo ba.

Ranar Alhamis ta tara na sa farar shaddata. Sista ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗaurin aure za ka daga nan?" Na ce a'a. Ba ta san komai game da kayen ba, kuma ba ta ƙara tambaya ba.

Kiɗan farko mai kakaki ne, da ganguna, da duk abin da nake so. Na saci kallon kayen ko na yi kuskuren lamba. Ban yi ba. Na biyu ta rubuta.

Malamin ya ce na biyun ba zai ba mu shi gaba ɗaya ba tukuna. Yana da naɗi na musamman inda aka raba makaɗan, za mu fara jin na ƙasa shi kaɗai. Ya kunna. Wani babban goge ne mai kaurin murya. Ya yi sauti huɗu, yana sauka kamar mai saukowa daga bene da kaya a ka. Ya koma sama ya sake yin huɗun. Ya sake. Na jira ya faɗi wani abu dabam, bai faɗa ba. Haka ya yi ta yi, ba sauri, ba ado, har aka kashe. Malamin ya tambayi aji me suka ji. Wata yarinya a baya ta ce kamar injin wanki. Aka yi dariya.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Sati tara, da goro, da dabino, da kunyar Paris, da farar shadda, a kan injin wanki.

Sai ya ce yanzu mu ji su tare. Babban gogen ya fara huɗunsa. A zagaye na biyu wani ƙaramin goge ya shigo a samansa, mai siririyar murya, ya fara magana. Ya faɗi abu, ya koma ya gyara, ya tuna wani abu ya bi shi da gudu, ya yi dariya, ya yi ƙorafi, ya tafi can nesa har na ce ya ɓata, sai ga shi ya dawo. Duk inda ya ɗan tsaya ya ja numfashi, na ƙasan yana nan daidai wurin. To. Haka ne. To. Madalla.

Madafarmu ce. Ita tana jingine da firiji da jakarta a kafaɗa, ba ta ko cire takalmi ba, tana ba ni labarin wanda ya fasa kwalba a ɗakin gwaji da abin da ƙanwarta ta ce a waya, ni ina yanka albasa. Sai na tuna wata Alhamis da ta dawo tana magana tana dubana, duk na ce to sai ta ƙyalƙyale da dariya. Na tambaye ta lafiya, ta ce ba komai, ci gaba. Na ce to. Ta riƙe ciki don dariya.

Tun rasuwarta abin da ya fi damuna shi ne rabin labaran nan ban ji su ba. Bakina yana amsawa, hankalina yana kan duro da canjin aiki. Na ɗauka ba ta sani ba. Ashe ta sani sarai, har ta ja layi biyu.

Da aka gama, malamin ya yi bayani. Ya ce na saman shi ne mai basira, shi ake zuwa ji. Na ƙasan ba a neman basira a wurinsa, abu ɗaya ake nema, kada ya makara ko sau ɗaya, domin a kansa na saman ke sauke ƙafa. Tsofaffin gaba suka rubuta. Sannan ya ce, don abin ya zauna mana, zai rufe darasin da na ƙasan shi kaɗai kamar yadda ya fara.

Ya kunna. Sauti huɗun nan ne dai, babu abin da ya canza. Amma yanzu na san inda ƙaramin gogen ke shigowa, da inda yake dariya, da inda yake jan numfashi. Babban yana ta cewa to, yana barin wuri, babu mai magana.

Ban ƙirga komai a yatsa ba. Hankicin yana kan gwiwata, na manta da shi. Babu abin da ya taso mini da zan danne.

Aka tashi. Yaron nan mai suma ya farka ya fita, tsofaffi suka rufe birukansu. Ni ban motsa ba tukuna. Malamin ya hau matakala har inda nake, abin da bai taɓa yi ba, fuskarsa cike da farin cikin wanda aikinsa ya yi kyau. Ya ce ya lura da ni yau, babu hankici, babu motsin baki. Ya ce ai ya gaya mini, kowa yana iya koyo. Yanzu na fara sanin abin da ake kira sauraro.

Sista ta dubi shaddata, ta dubi kayen da ke buɗe a gabana. Tana karanta Hausa. Ta ɗauki hankicin daga gwiwata ta sa mini a hannu.

Malamin yana tsaye yana jiran in yi magana, yau da ya ba ni dama.

Na ce, "To."